Zaburar guguwar teku: abin da ake aunawa, da inda lissafi ke kuskurewa

A daren 23 ga Oktoba 2023, guguwar da aka raɗa wa suna Otis tana can cikin Tekun Fasifik, kudu da gaɓar Meziko, kuma ƙarfinta bai ma kai a kira ta mahaukaciya ba. Kwana ɗaya da 'yan sa'o'i bayan haka, jim kaɗan bayan tsakar daren wayewar 25 ga wata, ta afka wa birnin Akafulko tana mataki na 5, wanda babu na sama da shi. Hasashen hukuma ya nuna za ta isa gaɓar yankin, amma da ƙarfi kaɗan. Manhajojin hasashe kusan duka ba su hango abin da ya faru ba, kuma mutanen birnin ba su samu lokacin shiri ba.

Wannan shi ne babban ciwon da ke damun fannin guguwar teku a yau. Hasashen hanya ya inganta ƙwarai: kuskuren da Cibiyar Lura da Mahaukaciyar Guguwa ta Amurka da ke Miyami ke yi a hasashen kwana 3 ya ragu da fiye da rabi tun daga 1990. Hasashen ƙarfi kuwa yana jan ƙafa, musamman irin wannan ƙaruwar ta bagatatan da zan riƙa kira zabura. Dalilin bambancin a fili yake. Hanyar guguwa tana bin manyan igiyoyin iska masu faɗin dubban kilomita, waɗanda taurarin ɗan'adam ke gani sarai. Ƙarfinta kuwa ana ƙulla shi ne a cikin wani ɗan zobe mai faɗin kilomita 20 zuwa 60, ƙarƙashin gajimare mai kauri, a kan tekun da ba kowa ke iya shiga ba.

Duk ɗalibin da zai yi bincike a kan zabura, abin da nake so ya riƙe tun farko shi ne: lambar da ake kira "ƙarfin guguwa" ƙiyasi ce, ba awo ba ce kai tsaye. Wanda bai san yadda aka samo ta ba, zai gina dogon lissafi a kan yashi.

Mece ce zabura a lissafi

Ana auna gudun iskar guguwa da not, wato mil ɗaya na teku a awa, daidai da kilomita 1.852 a awa ko mita 0.514 a daƙiƙa. Daga not 34 ake raɗa mata suna. Daga not 64 ta zama mahaukaciyar guguwa, mataki na 1 a ma'aunin Saffir da Simpson. Mataki na 3 yana farawa daga 96, na 4 daga 113, na 5 daga 137. Ma'anar zabura da aka fi amfani da ita ta fito ne daga aikin John Kaplan da Mark DeMaria na 2003: ƙaruwar not 30 ko fiye a cikin awa 24. Ba da ka suka zaɓi 30 ba. Sun tattara dukkan sauye-sauyen ƙarfi na awa 24 a kan ruwan Atlantika, suka ga kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ke kai wannan adadin. Ka riƙe wannan kashi 5 ɗin, za mu dawo kansa.

Mafi girman misali shi ne Patricia, a watan Oktoba 2015, ita ma a gaɓar Meziko ta yamma. Ta ƙaru da not 105 a awa 24, ta kai not 185, matsin iskar cibiyarta ya sauka zuwa hektofaskal 872, wato ma'aunin matsin iska, wanda saukarsa a cibiya alama ce ta ƙarfin guguwa. Guguwar Tip ta 1979 ce kaɗai aka auna mata ƙasa da haka, 870.

Daga ina lambar ke fitowa

Ma'anar ƙarfi a hukumance ita ce mafi girman matsakaicin gudun iska a tsayin mita 10 daga fuskar teku, a ko'ina cikin guguwar. Babu wata na'ura da ke tsaye a daidai wurin a daidai lokacin. Saboda haka ana bin hanyoyi uku, kowace da larurarta.

Ta farko ita ce jirgin sama. A Atlantika, jiragen WC-130J na rundunar sojin saman Amurka da ke tashi daga Biloksi a jihar Misisifi, da jiragen WP-3D guda biyu na NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, suna ratsa cibiyar guguwa, galibi a matakin hektofaskal 700, kimanin kilomita 3 daga teku. Iskar da ke can ba ita ce ta fuskar ruwa ba, dole a rage ta. Shekara da shekaru ana rage ta da yawa, sai da aka fara jefa na'urori masu GPS a 1997 cikin katangar ido, wato zoben hadari mai iska mafi ƙarfi da ke kewaye da idon guguwa, lafaffen wurin da ke tsakiyarta. Na'urar silinda ce mai 'yar lema, tana saukowa tana aiko da zafi, danshi, matsi da gudun iska har ta faɗa ruwa. Daga bayananta James Franklin da abokan aikinsa suka nuna cewa iskar fuskar teku a katangar ido kusan kashi 90 cikin 100 ce ta iskar matakin 700. Wannan gyara ne ya sa a 2002 aka ɗaga guguwar Andrew ta 1992 daga mataki na 4 zuwa na 5, shekara 10 bayan ta rusa kudancin Fulorida. Iskar ba ta canza ba, ma'aunin ne ya canza. Jiragen kuma suna ɗauke da wata na'ura mai suna SFMR, wadda ke karanta hasken maikurowef da kumfar teku ke fitarwa: yawan kumfa, yawan iska. Ruwan sama mai ƙarfi yana rikita ta, haka ma ruwa mara zurfi kusa da gaɓa inda igiyoyi ke fashewa ba don iska ba, kuma an sha sake daidaita lissafinta. Lambar SFMR ta wata shekara ba lalle ta yi daidai da ta wata shekarar ba.

Ta biyu, wadda yawancin duniya ke dogaro da ita, ita ce dabarar Vernon Dvorak, da ya tsara a shekarun 1970 ya kammala a 1984. Masani zai dubi hoton tauraron ɗan'adam, ya auna yadda gajimare ya naɗe cibiya, ko ya kwatanta ɗumin ido da sanyin saman gajimaren da ya kewaye shi, sai ya ba da lamba daga 1 zuwa 8, ana hawa rabi-rabi. Lamba 2.5 tana nufin not 35, lamba 4 not 65, lamba 6 not 115, lamba 7 not 140. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma abin mamaki ne yadda dabarar ta daɗe tana aiki. Amma dubi tazarar: a saman ma'aunin, rabin lamba ya kai not 12 zuwa 15, kusan rabin ma'anar zabura ke nan. Sannan dokokin dabarar sun ƙayyade iya yadda lambar za ta hau, ba ta wuce 2.5 a awa 24 ba. An sa wannan takunkumi ne don kada wani tashin gajimare na ɗan lokaci ya yaudari mai dubawa, to amma shi ne kuma ke sa ƙiyasin ya makara idan guguwa ta zabura da gaske. Ƙananan idanu ma matsala ne. Idon Wilma a 2005 bai kai kilomita 4 ba lokacin da matsinta ya sauka zuwa 882, kuma irin wannan ido na iya ɓacewa a hoton da kowane ɗigonsa ya kai kilomita 4, musamman idan tauraron yana hango shi a karkace.

Ta uku ita ce na'urorin tauraron ɗan'adam masu auna iska daga kaushin fuskar teku, irin su ASCAT. Suna da kyau wajen gano ko cibiya ta rufe da kuma faɗin iskar not 34, amma ba sa ganin iskar katangar ido yadda take, don suna haɗa faɗin kilomita da dama su ba da lamba ɗaya.

Ga kuma wani rami da ɗalibai da yawa ke faɗawa idan suka haɗa tekuna daban-daban. Cibiyar Miyami da cibiyar sojin Amurka da ke Hawai suna amfani da matsakaicin minti 1. Hukumar yanayi ta Jafan da galibin sauran cibiyoyi minti 10 suke ɗauka, Indiya minti 3, Sin minti 2. An daɗe ana ninka lambar minti 1 da 0.88 don a samu ta minti 10, sai wani nazari da Hukumar Yanayi ta Duniya ta fitar a 2010 ya ba da shawarar 0.93 a kan buɗaɗɗen teku. Ko ka yi ninkin ma ba ka gama ba, domin Jafan tana da nata jadawalin na juya lambar Dvorak zuwa gudun iska. A yammacin Fasifik an dakatar da jiragen leƙen guguwa na yau da kullum tun 1987. Duk wani sauyi da ka gani a kundin wannan teku wajajen wannan shekarar, fara zargin ma'auni kafin ka zargi yanayi.

Injin da makamashinsa

Guguwar teku inji ce mai cin zafi. Iska na kwasar tururi daga fuskar ruwa tana karkata zuwa cibiya, ta hau sama a katangar ido, tururin ya koma ruwa ya saki zafin da ya ɗauko, kimanin jul miliyan 2.5 a kowane kilo. Wannan zafi ke ɗumama cibiya, matsi ya sauka, iska ta ƙara gudu, ta ƙara kwasar tururi. Kerry Emanuel ya tsara wannan a lissafi a 1986, inda ya nuna cewa akwai iyakar ƙarfin da guguwa za ta iya kaiwa gwargwadon bambancin zafin teku da sanyin saman da iskar ke fita. Yawancin guguwoyi ba sa kai iyakarsu. Tazarar da ke tsakanin ƙarfinta na yanzu da wannan iyaka tana cikin alamomi mafi amfani: wadda ta kusa kai rufinta ba ta da sararin zabura.

Kowa ya haddace cewa sai zafin teku ya kai digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyas. Gaskiya ne, amma a tsakiyar damina ta guguwa kusan duk yankin ya wuce haka, don haka lambar ba ta rarrabe komai. Abin da ke rarrabewa shi ne zurfin ruwan ɗumin. Guguwa tana dama teku kamar yadda ake dama ruwa a ƙwarya, ta jawo ruwan sanyi na ƙasa zuwa sama, ta bar sawu mai sanyi a bayanta wanda kan ragu da digiri 1 zuwa 6, ya fi ƙarfi a hannun damanta a arewacin Ikwaita. Idan ruwan ɗumin mita 20 ne kawai kuma guguwar tana tafiya a hankali, da kanta take kashe wutarta. Idan ya kai mita 100, ko ta dama shi ɗumi za ta jawo. Shi ya sa ake lissafa jimillar zafin da ke sama da zurfin digiri 26, a kilojul kan kowane murabba'in santimita, kuma daga 50 zuwa 60 sama ake sa ido. Opal a 1995 da Katrina a 2005 duka sun ƙara ƙarfi sosai lokacin da suka bi ta kan zurfafan ruwan ɗumi na Mashigin Meziko. Gishiri ma yana da hannu a ciki, abin da ake yawan mantawa. Ruwan daɗi da kogunan Amazon da Orinoko ke zubawa yana kwanciya a saman ruwan gishiri saboda ya fi shi sauƙi, ya zama murfi mai wuyar damawa, sai sanyin ƙasa ya kasa hawowa.

Saɓanin iska, da yadda ake lissafa shi daidai

Babban magabcin guguwa shi ne saɓani tsakanin iskar sama da ta ƙasa. Idan iskar matakin hektofaskal 200, kusan kilomita 12 sama, ta bambanta da ta matakin 850, kusan kilomita 1.5, sai ginshiƙin guguwar ya karkace. Gajimaren hadari ya taru a gefe guda, galibi ɓangaren da saɓanin ya nufa da kuma hagunsa a arewacin Ikwaita, cibiyar ƙasa ta fito tsirara a hoto, busasshiyar iska ta samu ƙofar shiga. Ƙasa da not 10 yanayi ne mai kyau ga guguwa, sama da not 20 yawanci ta sha wuya. Tsakanin 10 da 20 ne filin daga, a nan ne hasashe ya fi faɗuwa, kuma a ganina a nan ne ɗalibi ya fi samun tambayar da ta cancanci shekarun karatunsa.

Lissafin yana da sauƙi a baki, amma kuskure uku ake yawan yi. Na farko, ɗebe gudu daga gudu. Iska tana da alƙibla. A ce ta ƙasa tana tahowa daga gabas da not 10, ta sama daga yamma da not 15: saɓanin 25 ne, ba 5 ba. Dole ka raba kowace iska gida biyu, ɓangaren gabas-yamma da ɓangaren kudu-arewa, ka ɗauki matsakaicin kowane ɓangare a kowane mataki, ka ɗebe, sannan a ƙarshe ka fitar da girman. Na biyu, barin iskar guguwar kanta cikin lissafi. Abin da kake nema shi ne iskar muhallin, don haka ko dai ka ɗauki matsakaici a zobe daga kilomita 200 zuwa 800 daga cibiya, kamar yadda tsarin SHIPS na hasashen ƙarfin guguwa ya fara yi, ko ka cire juyin guguwar ta hanyar lissafi ka ɗauki da'irar kilomita 500. Idan cibiyar zoben ba ta hau daidai kan cibiyar juyin da ke cikin bayananka ba, iskar ɓangarorin biyu ba za ta soke juna ba, sai ka samu saɓanin ƙarya. Na uku, mantawa cewa murabba'an taswira suna ƙanƙancewa yayin da ake nisa da Ikwaita, don haka kowane ɗigo sai an ba shi nauyi gwargwadon faɗinsa na gaske.

Mataki biyu kawai kuma ba sa faɗin dukkan labarin. Ana iya samun 850 da 200 sun yi daidai, amma a tsakiya, wajen 500 zuwa 400, akwai iska mai yankan guguwar a ƙugu. Mai hankali yana zana iskar dukkan matakai kafin ya yarda da lamba ɗaya.

Busasshiyar iska ita ce abokiyar aikin saɓani. Yawancin manyan guguwoyin Atlantika, kusan kashi 85 cikin 100 na masu mataki na 3 zuwa sama, suna farawa ne daga igiyoyin iskar gabas da ke ratsa Afirka ta Yamma su faɗa teku ta wajen Senegal da tsibiran Kef Bade, ɗaya bayan ɗaya duk kwana 3 zuwa 5, kusan 60 a shekara. A arewacinsu kuma iskar Sahara mai zafi da ƙura ke fita teku, tana shawagi tsakanin kilomita 1.5 da 5.5. Jason Dunion da Christopher Velden sun nuna a 2004 yadda take danne guguwa: bushewa, murfin ɗumi da ke hana gajimare tashi, da iska mai gudu a tsakiyar sama. Abin lura shi ne busasshiyar iska da ke kewaye ba ta cika yin illa ba muddin cibiyar tana tsaye a miƙe. Sai saɓani ya buɗe mata hanya. Don haka a lissafi kada ka ɗauki danshi da saɓani a matsayin abubuwa biyu masu zaman kansu, ka gwada haɗuwarsu, kuma ka auna danshin ɓangaren da saɓanin ya fito daban da na sauran ɓangarori.

Abin da ke faruwa a ciki

Muhalli yana ba da izini ne kawai. Guguwoyi da yawa suna samun teku mai ɗumi da saɓani kaɗan, kuma ba su zabura ba. Sauran labarin yana cikin cibiya, kuma hoton tauraron ɗan'adam na yau da kullum, mai auna zafin saman gajimare, ba ya ganinsa saboda rufin gajimaren ƙanƙara. Hotunan maikurowef ne ke leƙa ƙarƙashin rufin. Na gigahaz 85 zuwa 91 suna nuna ƙanƙarar da ke cikin dogayen gajimare, na 37 suna nuna ruwan sama na ƙasa-ƙasa. Idan zobe ya rufe ruf a hoton 37 kewaye da cibiya, alhali muhalli yana da kyau, wannan alama ce mai ƙarfi cewa zabura na tafe. Larurar ita ce waɗannan taurarin ba a tsaye suke a kan wuri ɗaya ba, wucewa suke yi, kuma ana iya shafe sa'o'i da dama ba a samu wanda ya bi ta kan guguwar ba, ko ya kama gefenta kawai.

Sai kuma sauyin katangar ido, wanda Hugh Willoughby da abokansa suka bayyana a 1982. A guguwa mai ƙarfi, sabuwar katanga kan kafu a waje da ta farko, ta tare mata tururi, ta cikin ta mutu, ta wajen ta tsuke ta maye gurbinta. Ana kwashe kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A lokacin mafi girman gudun iska yana raguwa, amma faɗin iskar yana ƙaruwa. Wannan yana da muhimmanci ga rayuka: mataki ya sauka a takarda, amma tumbatsar teku na iya ƙaruwa. Katrina ta sauka ƙasa tana mataki na 3, duk da haka ruwan teku ya hau fiye da mita 8 a gaɓar Misisifi. Nazarin Edward Rappaport na mace-macen da guguwoyi suka jawo kai tsaye a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne ya ci su, ba iska ba. Ma'aunin mataki iska kaɗai yake aunawa.

Haɗa bayanan bincike

Kundin tarihin guguwoyin Atlantika shi ne HURDAT2, wanda ya faro daga 1851, da layi ɗaya duk awa 6: ƙarfe 0, 6, 12 da 18 agogon GMT. Na duniya baki ɗaya kuma IBTrACS, wanda ke ajiye lambar kowace cibiya a nata gurbin. Kada tsawon kundin ya ruɗe ka. Kafin zamanin tauraron ɗan'adam, wajen 1966, guguwar da ba ta gamu da jirgin ruwa, jirgin sama ko gaɓa ba ba ta shiga lissafi. Don aikin zabura, farawa daga farkon shekarun 1980 ya fi aminci, kuma a lokacin ne bayanan zafin teku na kullum na OISST suka fara, a 1981.

Tsarin tacewa shi ne wannan. Ka cire layukan da ba na awannin nan huɗu ba, domin HURDAT2 yana saka ƙarin layuka a lokacin sauka ƙasa ko ƙololuwar ƙarfi, kuma idan ka ƙirga layi huɗu gaba da zaton awa 24 ne, lissafinka ya karkace ba tare da kwamfuta ta yi ƙorafi ba. Da agogo za ka haɗa, ba da lambar layi ba. Ka mayar da lambobin cike gurbi irin su -999 zuwa babu kafin kowane matsakaici. Ka cire duk tazarar awa 24 da guguwar ta taɓa ƙasa a cikinta, da wadda ta riga ta rikiɗe zuwa guguwar yankin sanyi. Sannan ka tuna cewa ana rubuta ƙarfi ne biyar-biyar: 25 da 30 taki ɗaya ne tsakaninsu, kuma rashin tabbas na ƙiyasin ya fi takin girma. Saboda haka ka maimaita dukkan aikin da iyakar 25 da ta 35. Sakamakon da ya tsaya a 30 kaɗai bai tsaya ba.

Don muhalli, yawanci ana ɗaukar kundin bayanan yanayi na ERA5 na cibiyar hasashen Turai, mai bayanin kowace awa tun daga 1940, a kan raga mai tazarar kusan kilomita 31. Ya isa ga saɓani da danshin kewaye. Bai isa ga cibiya ba: katangar ido mai faɗin kilomita 15 ba ta shiga ragar kilomita 31, don haka guguwa mai mataki na 5 takan fito a raunane. Kada ka ɗauki ƙarfi daga ERA5. Ka kuma duba yadda aka rubuta layukan tsaye na taswira, domin wani kundin yana ƙirga 0 zuwa 360, wani kuma gabas da yamma. Digiri 60 yamma shi ne 300, kuma wanda ya manta da wannan zai auna iskar Tekun Larabawa ya jingina ta ga guguwar Karibiyan. Zafin teku kuwa, ka ɗauki na kwana biyu ko uku kafin isowar guguwar. Na ranar ya riga ya gauraya da sawun sanyin da ita kanta ta haifar, sai ka ga kamar guguwa mai ƙarfi ta fi son ruwa mai sanyi.

Gwada hasashen

Yanzu mu koma kan kashi 5 ɗin nan. Manhajar da kullum ke cewa "ba za ta zabura ba" za ta yi daidai sau 95 cikin 100, kuma ba ta da amfanin komai. Don haka yawan dacewa ba ma'auni ba ne a nan. Ka ba da lambobi biyu tare: daga cikin zaburar da ta faru, nawa ka kama, kuma daga cikin gargaɗin da ka bayar, nawa ne na banza. Idan yiwuwa kake hasashe, ka kwatanta makin Brier naka, wato ma'aunin kuskuren hasashen yiwuwa, da na wanda ke faɗin matsakaicin tarihi kullum, ka kuma zana ko lokutan da ka ce kashi 40 da gaske sau 40 cikin 100 abin ya faru.

Kuskuren da ya fi ɓata ayyukan koyon na'ura a wannan fanni shi ne raba bayanai a hargitse. Tazarar awa 24 da ta fara ƙarfe 0 da wadda ta fara ƙarfe 6 sun yi tarayya a awa 18, kusan abu ɗaya ne. Idan ɗaya ta faɗa rukunin koyo, ɗayar ta faɗa rukunin gwaji, manhajar ta riga ta ga amsar jarrabawa, sakamako zai yi kyau a takarda ya rushe a damina ta gaba. Da shekara ake rabawa, ko aƙalla da guguwa sukutum. Haka kuma wajen lissafin tabbaci, adadin samfurinka na gaske ya fi kusa da adadin guguwoyi, ba adadin layuka ba. Layi 300 na zabura na iya zama guguwa 80 kacal.

Akwai kuma tarkon lokaci. Kundin da aka tace bayan damina ya amfana da bayanan da suka zo daga baya, an gyara cibiya, an daidaita ƙarfi. Mai hasashe a daren aiki ba shi da wannan. Sauyin ƙarfi na awa 12 da suka wuce yana cikin alamomi mafi ƙarfi na zabura, kuma shi ne ya fi bambanta tsakanin lambar daren da lambar kundi, kamar yadda Otis ta nuna: sai da jirgi ya shiga cikinta da ranar 24 ga wata aka gane ta fi ƙiyasin tauraron ɗan'adam ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan kana son ka ce hanyarka za ta taimaki mai hasashe, dole ka gwada ta da lambobin da aka bayar a lokacin, waɗanda cibiyar Miyami ke ajiyewa daban da tacaccen kundin, kuma ka rubuta sakamakon gwaje-gwajen biyu gefe da gefe.